Tabar Wiwi Ba Ganyen Miya Ba Ce

Yau maganarmu a wannan fili a kan tabar wiwi ce. Da yawa daga cikinmu muna ɗauka cewa wannan abu na 'yan tasha ne da 'yan daba, bai shafi matar aure ko 'yar makaranta ba. To, binciken da Gwamnatin Tarayya ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 10.6 ne suka sha wiwi a Nijeriya cikin shekara guda, kuma a cikin kowane mutum 4 masu shan kayan maye, ɗaya mace ce. Ashe ke nan abin ya riga ya shigo cikin gida.

Masu shanta sukan ce ai ganye ne kawai, Allah ne ya tsiro da shi. Zaƙami ma ai tsiro ne, amma ba mu taɓa jin wadda ta kaɗa miya da shi ba. A cikin wiwi akwai wani sinadari da likitoci ke kira THC, wanda wasu masana biyu suka gano a ƙasar Isra'ila a 1964. Shi ne ke bugarwa. Da an zuƙi hayaƙin sai ya bi huhu ya shiga jini, nan da nan ya kai ƙwaƙwalwa. Zuciya ta riƙa bugawa da sauri, ido ya kaɗa ya yi ja. Mugun halinsa kuwa shi ne a cikin kitse yake narkewa, saboda haka yakan maƙale a jiki yana fita kaɗan-kaɗan. Wanda ya saba sha, ko ya bari, ana iya ganin alamarsa a fitsarinsa har bayan makonni.

Wannan ya fi shafar mai ciki da mai goyo. Sinadarin yana ratsa mabiyiya ya kai ga ɗan da ke ciki, kuma an sha ganin irin waɗannan jarirai suna zuwa ba su kai nauyin da ya kamata ba. Nono kuwa abu ne mai maiƙo. A 2018 likitoci a Amurka sun auna nonon mata masu shan wiwi, suka tarar da dafin a ciki har kwana 6 bayan sha. Ko ke ba kya sha, idan maigida yana busa ta a ɗakin da kike kwana da jariri, ƙofa a rufe, to ku uku ne kuke shaƙar hayaƙin.

Ku kuma 'yan makaranta, ku sani ƙwaƙwalwar mutum ba ta gama ƙosawa sai wajen shekara 25. Wiwi tana dakushe hadda, a karanta darasi yau gobe ya bi iska. Cikin mutum 6 da suka fara sha tun suna samari ko 'yan mata, kusan ɗaya yakan kasa bari. Wani bincike da aka buga a 2019, wanda aka yi a garuruwan Turai da Barazil, ya nuna mai shanta kullum ya ninka wanda ba ya sha sau 3 wajen haɗarin taɓuwar hankali, in mai ƙarfi ce kuwa kusan sau 5. In ƙawa ko saurayi ya ce ki ɗana sau ɗaya don ki ji garau, ki tuna da wannan.

Akwai wata al'ada da muke roƙon iyaye mata su bari. Yaro ya fara kwana a waje, ba ya iya zama wuri guda sai ya sha, yana magana shi kaɗai, sai uwa ta rufa asiri ta ce a yi masa aure zai shiryu. Aure ba ya fitar da dafi daga jini. Abin da ke faruwa shi ne a ɗauko 'yar mutane a haɗa ta da majinyaci, kuɗin cefane ya tafi wajen mai sayar da ganye, wata rana kuma ta sha duka da ciki. Sa'an nan a ce ta yi haƙuri.

Irin wannan yaro asibiti yake bukata tun da wuri. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa cikin Kaduna, da Dawanau a Kano, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri. Hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ita ma tana da sashen ba da shawara ga masu son bari. A kai shi, a jure zirga-zirgar. Iyayen yarinya kuma, kafin a karɓi kuɗin gaisuwa, a tura kawunta ko yayanta ya je unguwar manemin ya ga da wa yake zama bayan sallar isha'i.