Ghana: Maɓallin "na amince" da ake dannawa a Tamale ba tare da an karanta ba

Duk shekara idan sakamakon jarrabawar BECE ya fito a Ghana, aka kuma fara raba ɗalibai zuwa makarantun sakandare ta tsarin CSSPS, shagunan buga takardu da ke bakin hanyar Tamale zuwa Bolgatanga kan cika da iyaye da yara. Kanvili, unguwar da ke kan wannan hanya a yankin Sagnarigu, na daga cikin wuraren da ake ganin haka. Yaro zai zauna gaban kwamfutar mai shago, ya buɗe imel ɗinsa ko shafin duba makaranta, wani ɗan akwati ya bullo da rubutun Turanci, ya danna maɓallin amincewa don ya kawar da shi daga gabansa, ya gama ya tashi, wani ya zauna. Akwatin nan izini yake nema na ajiye abin da ake kira kukis, kuma abin da ya rage a kwamfutar bayan yaron ya tafi ya fi abin da yake zato.

Kukis ƙananan rubuce-rubuce ne da shafin intanet ke ajiyewa a cikin burauzar waya ko ta kwamfuta, domin ya gane mutum idan ya dawo. Wani injiniyan kamfanin Netscape, Lou Montulli, ne ya ƙirƙiro su a 1994, lokacin da shafuka ba sa iya tuna wanda ya ziyarce su ko da minti ɗaya da ya wuce. Sun yi kama da ɗan katin da mai ajiyar babura ke bai wa mutum a ƙofar kasuwar Aboabo: ba sunansa ke jiki ba, lamba ce, amma duk wanda ya riƙe ta shi ake ɗauka mai babur. Da irin wannan lamba ce shafi ke barin mutum a cikin asusunsa ba sai ya sake rubuta kalmar sirri ba, da ita yake tuna harshen da ya zaɓa. Waɗannan ba laifi gare su, in babu su ma yawancin shafuka ba za su yi aiki ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne kukis ɗin da wasu kamfanoni na daban ke dasawa ta cikin shafin. Mutum ya shiga karanta labarin ƙwallo, amma a cikin shafin akwai tallar Google, akwai ɗan alamar Facebook, akwai wasu dillalan talla da bai taɓa jin sunansu ba, kowanne ya ajiye tasa lambar. Da yake waɗannan kamfanoni suna cikin dubban shafuka, sai su riƙa haɗa sawun mutum: jiya ya nemi maganin ciwon suga, yau ya duba farashin babur, da daddare ya leƙa shafin caca. Daga nan ake sayar da damar nuna masa talla. Matashin da ya shiga shafin cacar ƙwallo sau ɗaya ya ga tallar caca na binsa ko'ina har makonni, ba aikin aljanu ba ne.

A Turai an fi shekara goma ana taƙaddama kan wannan. Tarayyar Turai ta gyara dokarta a 2009 ta wajabta neman izini kafin ajiye kukis marasa larura, sannan dokar GDPR ta fara aiki ranar 25 ga Mayun 2018. Hukumar CNIL ta Faransa ce ta fi kowa zafi. A farkon 2022 ta sanar da cin tarar Google yuro miliyan 150, kimanin sefa biliyan 98, da Facebook yuro miliyan 60, kuma dalilin abin lura ne: amincewa dannawa ɗaya ce, ƙin amincewa kuwa sai an yi ta shiga ɗaki bayan ɗaki. Bayan tarar ne maɓallin ƙin amincewa ya bayyana kusa da na amincewa ga masu shiga daga Turai. Mai shiga daga Tamale, ko Maraɗi, sau da yawa ba a ma nuna masa zaɓin.

Ba don Ghana ba ta da doka ba. Tana cikin ƙasashen yankin da suka riga saura, da dokar kare bayanan jama'a ta 2012, wadda aka fi sani da Act 843, da hukumar da aka kafa a ƙarƙashinta mai hedikwata a Accra. Dokar ta ce kada a sarrafa bayanan mutum ba da yardarsa ba sai da hujjar da doka ta amince da ita, ta kuma ba shi damar hana a yi amfani da bayanansa wajen aiko masa da talla. Sai dai an rubuta ta ne kafin wayar Android ta game gari, ba ta yi maganar kukis kai tsaye ba, kuma ƙarfin hukumar ya fi karkata ga tilasta wa kamfanoni da ma'aikatu su yi rajista. Rajista abu ne mai kyau, amma ba ita ke hana shafi dasa lambar bibiya tun kafin mai ziyara ya danna komai ba. A 2025 ma'aikatar sadarwa ƙarƙashin Samuel Nartey George ta fitar da daftarin sabuwar doka da za ta maye gurbin ta 2012, wanda shi kansa amincewa ce cewa tsohuwar ta gaji.

Maƙwabta sun ɗan matsa. Najeriya ta samu dokarta a watan Yunin 2023, kuma a Agustan 2024 hukumar NDPC ta ci tarar bankin Fidelity na Najeriya naira miliyan 555.8, tana mai cewa ya sarrafa bayanan jama'a ta hanyar kukis da manhajarsa ba tare da cikakkiyar yarda ba. Bankin ya musanta saɓa doka. Nijar na da hukumar HAPDP, da dokar 2017 da aka sabunta a 2022. Yarjejeniyar Malabo ta Tarayyar Afirka, wadda aka amince da ita a 2014, sai a 2023 ta fara aiki.

To ko da an gyara doka gobe, akwai tambayar da Accra ba ta cika yi ba: wace irin yarda ce mutum ke bayarwa ga rubutun da ba ya iya karantawa? A Kanvili Dagbanci ake yi, a zango Hausa, akwatin kuwa Turanci ne na lauyoyi, kamar yadda yake Faransanci a Damagaram. Haka kuma dokokin Turai sun ɗauka cewa waya ɗaya ta mutum ɗaya ce. A nan waya kan zaga tsakanin miji da mata da ƙanne, wanda bai iya cike fom ba kuma yakan miƙa ta ga yaron shago. Saboda haka haɗarin da ya fi kusa da mutumin Tamale yana iya zama ba dillalin talla da ke Amurka ba, sai wanda zai zauna a kujerar bayansa ya tarar da imel ko Facebook a buɗe, domin lambar da ke cewa "shi ne" tana nan ba a goge ba. Daga imel ake canza kalmomin sirrin wasu asusun, daga Facebook ake aika wa dangi saƙon neman a turo kuɗi ta MoMo.

Abin da mai waya zai iya yi da kansa ba shi da wuya, kuma bai kai na sayen kati tsada ba. A kwamfutar shago ko wayar aro, ya buɗe shafin sirri, wanda Chrome ke kira Incognito, domin kukis ɗin na gogewa da zarar an rufe shi, kuma ya fita daga asusunsa kafin ya tashi. Shafin sirrin ba ya ɓoye shi daga kamfanin layi ko daga shafin da ya shiga, sawun da ke cikin na'urar kawai yake sharewa. A wayarsa kuma, ɗigo ukun da ke saman Chrome na kai shi ga saituna, inda a ɓangaren sirri zai iya toshe kukis na kamfanonin waje, ya kuma goge waɗanda suka taru. Gogewar za ta fitar da shi daga asusunsa, don haka wanda bai riƙe kalmar sirrinsa ba, kuma suna da yawa, ya fara tabbatar da ita tukuna.

Firefox ya fara toshe kukis na bibiya da kansa tun 2019, Safari na Apple ya toshe na waje gaba ɗaya a 2020. Google ya yi alkawarin haka a Janairun 2020, ya yi ta ɗagawa, har ya janye a Yulin 2024. Chrome ɗin nasa ne ke zuwa a cikin wayoyin Tecno da Infinix da suka cika aljihun Tamale, kuma daga talla Google ke samun mafi yawan kuɗinsa.

Manhajoji kuma lamarinsu daban ne, toshe kukis ba ya taɓa su. Su da lambar talla ta wayar suke aiki, da izinin da mutum ya ba su na ganin lambobin abokansa da hotunansa. Da wannan izini ne manhajojin bashi marasa lasisi suka riƙa tozarta masu bashi a gaban danginsu, har Babban Bankin Ghana ya wallafa sunayen 97 daga cikinsu a watan Yunin 2023.