Ragar Talaka, Fatsar Mai Hali: Wa Ya Cinye Kifin Gaɓar Teku?

Ranar 8 ga Nuwamba, 1994, masu jefa ƙuri'a a jihar Fulorida ta Amurka suka amince da wani gyara ga kundin tsarin mulkin jiharsu da rinjayen kashi 72 cikin 100. Gyaran ya haramta amfani da ragar da ke maƙale kifi ta wuya, irin wadda masuntanmu ke kira kalli, a dukkan ruwan jihar, ya kuma taƙaita girman sauran raga a kusa da gaɓa. Daga 1 ga Yuli, 1995, ɗaruruwan iyalai da suka gaji su daga iyaye da kakanni, a ƙauyuka irin su Cortez da Cedar Key, suka wayi gari kayan sana'arsu ya zama kayan laifi.

Wanda ya ja ragamar wannan yunƙuri shi ne Karl Wickstrom, mawallafin mujallar Florida Sportsman, mujallar masu kamun kifi don nishaɗi. An yi yaƙin neman ƙuri'ar da sunan ceton halittun teku, aka cika talabijin da hotunan kunkurun teku da dolfin matattu a cikin raga. Mutumin birni da bai taɓa taka kwale-kwale ba ya ga hoto, tausayi ya kama shi, ya dangwala ƙuri'a.

Ra'ayina a kan wannan rigima, wadda har yau take ci a Amurka da Ingila da Ostareliya, shi ne: a mafi yawan lokuta abin da ake kira kare kifi rabon kifi ne. Ana karɓe shi daga hannun mai neman abinci a miƙa wa mai neman hutu, sannan a lulluɓe rabon da mayafin kare muhalli don kada a tambayi adalcinsa.

Su wane ne ɓangarorin biyu?

A gefe guda akwai ƙananan masunta na kasuwa. Ba manyan jiragen da ke wata da watanni a tsakiyar teku nake nufi ba. Mutum ɗaya ne ko biyu a ƙaramin jirgi, su fita da asuba su dawo da la'asar, su sayar da abin da suka samu a bakin gaɓa. A ɗaya gefen akwai masu fatsar nishaɗi, waɗanda ke fita ƙarshen mako da sanda da zare da ƙugiya. Cikinsu akwai talaka mai jefa fatsa daga kan gada don ya samu na miya, amma ba shi ke da murya ba. Muryar tana hannun ƙungiyoyi masu lauyoyi da mujallu, da kamfanonin ƙera jirage da injuna da kayan fatsa waɗanda cinikinsu ya dogara ga yawan masu fita. Duka ɓangarorin biyu ruwa ɗaya suke shiga, kuma sau da yawa kifi ɗaya suke nema.

Adalci ya wajabta in faɗi inda masu fatsa suka yi gaskiya. A shekarun 1980, wani fitaccen mai dafa abinci a birnin New Orleans, Paul Prudhomme, ya shahara da gasa wani jan kifi na Tekun Meziko da yaji har ya yi baƙi. Ƙasa ta ruɗe da wannan girki, manyan jirage suka shiga zagaye garken iyayen kifin da makeken taru, jiragen sama na nuna musu inda yake. Sai da gwamnatin tarayya ta rufe kamun wannan kifi a ruwanta kafin ƙarshen shekarun. A Fulorida ma, kasuwar ƙwan kifin malet a ƙasashen Asiya ta sa ana kwashe matan kifin daidai lokacin da za su zuba ƙwai, kuma bayan haramcin raga yawan malet ya farfaɗo. Raga tana ɓarna idan babu mai tsawatawa. Wannan ban musanta ba.

Sai dai maganin ɓarnar raga sananne ne: a rufe kamu lokacin haihuwa, a ƙayyade girman idon raga, a iyakance abin da kowa zai kama, a hukunta mai keta doka. Abin da ƙungiyoyin masu fatsa suka nema ya zarce haka. Tun a 1981 suka sa jihar Teksas ta ayyana jan kifin nan da wani kifi guda a matsayin na masu nishaɗi kaɗai, aka haramta wa masuntan jihar kama su don sayarwa. A 2007 Shugaba George W. Bush ya sa hannu a kan umarnin da ya ƙarfafa hana sayar da jan kifin da kuma kifin bas mai zane idan an kama su a ruwan tarayya. A Ostareliya, gwamnatin jihar Victoria ta saye lasisin masu raga a gaɓar Port Phillip, ta kammala hana su a 2022, ƙarƙashin wani shiri da manufarsa a fili ita ce kai yawan masu fatsa miliyan ɗaya. Mai karatu ya lura: gwamnatin da ke son ƙara yawan masu kamu zuwa miliyan ɗaya ba rage kisan kifi ne ya dame ta ba.

Ƙugiya ma tana kisa

Hujjar farko da ake kafawa ita ce wai mai fatsa kifi ɗaya ko biyu yake kamawa, mai raga kuwa kwando-kwando. Gaskiya ne idan mutum ɗaya aka gwada da mutum ɗaya. To amma masu fatsa miliyoyi ne. A 2004 mujallar kimiyya ta Science ta buga binciken Felicia Coleman ta Jami'ar Jihar Fulorida da abokan aikinta. Sun gano cewa masu nishaɗi kashi 4 cikin 100 kawai suke kamawa na dukkan kifin tekun da ake fitarwa a Amurka. Amma da aka ware nau'o'in da ke cikin haɗarin ƙarewa, kasonsu ya tashi zuwa kashi 23, a Tekun Meziko kuwa ya kai kashi 64. Wato a ruwan da aka fi korar masu raga, masu fatsa ne ke ɗauke da mafi yawan kifin da ake kukan ƙarewarsa.

Za su ce ai suna sakin abin da suka kama. Sakin ma yana da gawarsa. Kifin da ya haɗiye ƙugiya, ko ya galabaita wajen kokawa, ko aka ɗaga shi a rana ana ɗaukar hoto, ba kullum yake rayuwa ba. Masu kula da kifin bas mai zane a gaɓar Atlantika ta Amurka suna lissafin cewa kashi 9 cikin 100 na wanda aka saki mutuwa yake yi, kuma kusan kashi 90 na duk wanda ke mutuwa a hannun ɗan'adam daga ɓangaren nishaɗi ne. Kifin masunci ya mutu an ci shi. Wannan kuwa ya mutu ya nutse, ba wanda ya ƙoshi.

Sannan akwai batun ƙidaya. Masuncin kasuwa yana da lasisi, ana auna kamunsa a bakin gaɓa, ana rubutawa. Kamun masu nishaɗi kuwa ƙiyasta shi ake yi ta hanyar tambayoyi da jin ra'ayi. Labarin jan kifin sinafa na Tekun Meziko ya isa misali. An raba shi kashi 51 ga 'yan kasuwa, kashi 49 ga masu nishaɗi. Tun da aka bai wa kowane masuncin kasuwa kasonsa a rubuce a 2007, ɓangarensu ya tsaya cikin iyaka. Ɓangaren nishaɗi kuwa ya yi ta zarce nasa shekara bayan shekara, har wata kotun tarayya ta yanke hukunci a 2014 cewa hukuma ta gaza tsawatar musu. Amsar hukuma ita ce ta ƙara wa masu nishaɗi kaso, sai da kotu ta sake soke wannan a 2017. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Awo da mudu biyu

Idan hujjar muhalli ta yi rauni, sai a zaro ta kuɗi. A Ingila, binciken da gwamnati ta ɗauki nauyinsa a 2012 ya ƙiyasta masu fatsar teku 884,000, suna kashe fam biliyan 1.23 a shekara. Sai a ajiye wannan adadi kusa da 'yan miliyoyin da masunta ke samu daga kifi irin wannan, a ce ga hujja: kifin ya fi daraja a bakin ƙugiya.

Wannan awo ne da mudu biyu. A ɓangaren mai fatsa an haɗa kuɗin mai, da otal, da jirgi, da inji, da abincin hanya. A ɓangaren masunci an tsaya ga farashin farko na bakin gaɓa, an manta da mai gyara kifin, da mai ƙanƙara, da mai mota, da mai shago, da gidan abincin da ya ninka farashinsa. Ban da haka, kuɗin da mutum ya kashe wajen samun abu tsadar samunsa ce. Da yawan kashe kuɗi ne ma'aunin daraja, da manomin da ya ƙona man dubu ɗari ya noma buhu ɗaya ya fi wanda ya noma buhu goma da garma. Kuma mai hali idan bai fita fatsa ba, kuɗin hutunsa ba ƙonewa za su yi ba: zai kashe su a wani wasan, a wani otal ɗin. Masuncin da aka karɓe wa raga yana da shekara hamsin ba shi da irin wannan zaɓi. Gaskiya ne wasu mutanen Cedar Key sun koyi kiwon wata halittar ruwa mai ƙwanso sun tsaya da ƙafafunsu, amma nasarar ƙauye ɗaya ba ta biya asarar sauran ba.

Ban ce nishaɗi ba shi da daraja ba. Mai jirgin haya da mai shagon ƙugiya su ma iyali suke ciyarwa. Amma akwai mutum na uku da ba a gayyata zaman rabon ba, shi ne mai saye. Kifin teku dukiyar al'umma ce. Tsohuwar da ba ta da jirgi, da ma'aikacin da ba shi da ranar hutu, hanyarsu ɗaya ta cin rabonsu ita ce wani ya kamo ya kawo kasuwa. Duk ranar da aka ce wani kifi na masu nishaɗi ne kaɗai, an cire shi daga tukunyar duk wanda ba zai iya zuwa ya kamo da kansa ba.

Wanda ke dariya daga nesa

Rigimar kifin bas a Ingila ta nuna wani abu da ɓangarorin biyu ke kaucewa. Da masana suka yi gargaɗin cewa kifin yana durƙushewa, Tarayyar Turai ta ɗauki mataki a 2015: ta dakatar da manyan jiragen da ke jan taru a tsakiyar ruwa lokacin da kifin ke taruwa don zuba ƙwai, waɗanda mafi yawansu na Faransa ne, ta ɗaga mafi ƙarancin tsawon kifin da za a riƙe daga santimita 36 zuwa 42, ta kuma iyakance mai fatsa ga kifi uku a rana. A 2016 aka mayar da shi ɗaya, a rabin shekara kawai. Masu fatsa suka fusata suna nuna ƙananan masu raga da yatsa, su kuma masu raga suna zargin wasu masu fatsa da sayar da kifi ta bayan fage.

Amma me ya sa ƙananan jirage suka rungumi bas tun farko? Domin shi ba ya cikin tsarin kason da gwamnati ke rabawa, su kuwa an kusa rufe musu ƙofar wancan tsarin. Jiragen da tsawonsu bai wuce mita 10 ba su ne fiye da kashi uku cikin huɗu na jiragen su na Birtaniya, amma abin da ke hannunsu na kason ƙasa bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Wani binciken 'yan jarida na ƙungiyar Greenpeace a 2018 ya gano cewa iyalai biyar na attajirai ke riƙe da kashi 29 na kason ƙasar baki ɗaya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mai fatsa da mai ƙaramin jirgi suna kokawa a kan ragowa a bakin gaɓa, masu babban rabo suna can ba wanda ya ambaci sunansu.

Abin da ya kamata

Ƙa'idar ba ta da wuya. Masana su faɗi adadin kifin da ruwa zai iya bayarwa ba tare da ya tsiyace ba. A ƙidaya kamun kowa, mai raga da mai ƙugiya, har da wanda aka saki ya mutu. Idan za a rage, kowa ya ɗanɗana gwargwadon abin da yake ɗauka. Idan an rufe wurin haihuwa, a rufe shi ga kowa. Kayan aikin da aka tabbatar yana ɓarna a gyara shi ko a hana shi bisa shaidar bincike, a zauren da masunci ke da kujera, maimakon a kai rayuwar 'yan tsiraru gaban ƙuri'ar miliyoyin da hoton talabijin ya motsa. Idan kuma al'umma ta zaɓi ta fifita nishaɗi a kan sana'a, tana da ikon yin haka, amma ta kira abin da sunansa, ta kuma biya diyya cikakkiya.

Wannan magana ta shafe mu ta fuska ɗaya. Nijeriya ta kafa ma'aikatar harkokin teku da tattalin arzikin ruwa a 2023, kuma ana ta zancen yawon buɗe ido da wasannin ruwa a gaɓar Legas da manyan madatsun ruwanmu. Wasu daga cikin masu karanta wannan wasiƙa su ne za su zauna a teburin da za a kawo rahoto mai cewa baƙo ɗaya mai jirgin shaƙatawa ya fi masunta hamsin kawo kuɗi. Ranar da aka ajiye muku irin wannan takarda, ku tambayi mudun da aka yi awon da shi, ku tambayi wanda ya biya aka rubuta ta, sannan ku tambayi inda masuntan hamsin ɗin za su kwana.