Raunin Jijiyar Wuya: Darasin da Ya Kamata Ya Shiga Aji

Duk ɗalibin da ya taɓa riƙe ƙafar rago ranar Layya ya ga aikin jijiyar da ake magana a kanta. Da zarar wuƙa ta ratsa wuya sai jini ya yi tsartuwa, yana tunkuɗowa daidai da bugun zuciya. Jinin nan daga jijiyoyi biyu yake fitowa, ɗaya a dama ɗaya a hagu, waɗanda masana ke kira karotid. Ɗan Adam ma yana da su, kuma wanda ya ɗora yatsu biyu a gefen maƙogwaronsa zai ji ɗaya tana harbawa.

Kowace ɗaya tana tasowa daga wajen ƙirji, idan ta kai saitin zakaran wuya sai ta rabu biyu: reshen waje ya nufi fuska da fatar kai, reshen ciki ya shige ƙoƙon kai ya ciyar da ƙwaƙwalwa. Ita kuwa ƙwaƙwalwa ba ta da rumbu. Nauyinta kamar kashi 2 cikin 100 ne na jiki, amma tana shan kusan kashi 20 cikin 100 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita. Idan jini ya yanke mata, mutum kan suma cikin kamar daƙiƙa 10, bayan mintoci kaɗan kuma ƙwayoyinta su fara mutuwa. Saboda haka wanda wuƙa ko harsashi ko kwalba ko ƙahon sa ya huda masa wannan jijiya yana tsakanin haɗari uku: jininsa, wanda kimanin lita 5 ne, ya tsiyaye, ko ya taru cikin wuya ya matse maƙogwaro, ko ƙwaƙwalwa ta rasa rabonta, ɓarin jiki ya shanye.

Likitocin da can dabara ɗaya suka sani, wato ɗaure jijiyar. A shekarar 1552 Ambroise Paré na Faransa ya yi wa wani mai rauni haka. Mutumin ya rayu, amma ɓarin jikinsa ya shanye, magana kuma ta ɗauke. A 1803 wani likitan sojan ruwan Ingila, David Fleming, ya ɗaure ta wani, shi kuwa ya warke. Bambancin yana cikin wani zoben jijiyoyi da ke gindin ƙwaƙwalwa, wanda Thomas Willis ya bayyana a 1664. Ta wannan zobe jinin gefe ɗaya ke iya tsallakawa ya agaza wa ɗaya gefen, sai dai a jikin mutane da yawa zoben bai haɗe sosai ba. Ɗauri ke nan ya zama caca, domin likita ba ya ganin zoben a lokacin da yake ɗaurewa.

A yau gyara ake fifitawa. Akan ɗinke hujin, ko a yi masa faci, ko a ɗebo jijiya daga cinyar majinyacin a maye gurbin da ya lalace. Idan raunin ya faɗa can ƙasa bayan ƙashin wuya, ko can sama kusa da ƙoƙon kai inda hannu ba ya kaiwa da sauƙi, akan zura siririn bututu ta matsematsi a toshe hujin daga ciki. Reshen waje ana ɗaure shi ba tare da fargaba ba. Reshen ciki kuwa sai dole ta yi. A Afirka ta Kudu, inda saran wuƙa ya yi yawa, likitoci sun ƙware wajen zura robar fitsari cikin raunin su hura balan-balan ɗinta ya danne jijiyar kafin a shiga tiyata. Abu ne mai arha, kuma kusan kowane babban asibiti yana da shi.

Amma duk wannan gwaninta tana da sharaɗi guda. Binciken likitoci ya sha nuna cewa halin da mai rauni ya iso asibiti a ciki shi ne kan gaba wajen nuna makomarsa. Wanda ya iso da hankalinsa da sauran jini a jika yakan tashi. Wanda ya iso a sume, jini ya ƙare, ko an gyara jijiyar da kyau yana iya rasuwa ko ya nakasa. Ashe rabin aikin yana hannun wanda ke tsaye a wurin, kuma sau da yawa ɗan makaranta ne ko ɗan acaɓa.

Abin da ake bukata gare shi bai wuce darasin minti 40 ba. Ya dunƙule tsumma mai tsabta ya danna kan raunin da ƙarfi, kada ya ɗaga don leƙawa har a isa asibiti. Kada a naɗe wuya da ƙyalle a ɗaure, kada kuma a danne gefe biyu lokaci guda, domin yin haka shaƙewa ne. Wuƙa ko kibiyar da ta maƙale a bar ta inda take, wataƙila ita ce ta toshe hujin. Ban da zuba toka ko ƙasa ko garin magani, ban da ba shi ruwa. A zarce asibitin da ke da ɗakin tiyata da ma'ajiyar jini, kada a ɓata lokaci a kemis. Ƙaramin huji ma ba abin raini ba ne: idan wuya na kumbura, ko murya ta dushe, ko hannu ya mutu, ɓarna tana ciki.

Wasu malamai za su ce manhaja ta cika, kuma wannan aikin ma'aikatan lafiya ne. Hujjar ba ta da ƙarfi. Ana shafe makonni ana zana zuciya da jijiyoyinta a allo don cin jarrabawa, alhali a garuruwan da 'yan ƙwacen waya da 'yan sara-suka ke yawo da wuƙa ɗalibin zai riga motar asibiti isa wurin.

Akwai kuma tsoron 'yan sanda, wanda ke sa jama'a su kewaye mai rauni suna kallo. Wannan ma a aji ya kamata a warware shi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti a Nijeriya ƙin karɓar mai bukatar agajin gaggawa, dokar 2017 kuma ta wajabta duba wanda aka harba ko babu takardar 'yan sanda, ta kuma hana a musguna wa wanda ya kawo shi. Ya dace hukumar kowace makaranta ta liƙa waɗannan dokoki biyu a ɗakin gwaje-gwaje, tare da lambar gaggawa 112 da sunan asibitin tiyata mafi kusa.