Farfaɗiya da maganin Shinuwa: kafin a aje Gardénal, a saurare ni



Wata uwa ce ta sa ni wannan rubutu. Ta kira ni bayan mun rufe shiri, don ba ta so a ji muryarta a rediyo. Ɗanta mai shekara 14 yana da farfaɗiya. Shekara biyu yana shan Gardénal kowane dare, ciwon ya lafa har ya koma lakwal. Sai wata ranar kasuwa ta ji mai mota da amsa-kuwwa yana tallar maganin Shinuwa, wai kwali uku ya raba mutum da ciwon har abada. Ta sayar da akuyarta ta saya. Mai maganin ya ce sharaɗinsa ɗaya, a aje na likita, don wai ba su haɗuwa. Ran kwana na tara yaron ya faɗi irin faɗuwar da bai taɓa yi ba, wata na ƙarewa wata na tasowa, sai da aka kwashe shi zuwa Maraɗi cikin dare. Allah ya yi da sauran kwana. Ta ce mini: "Malam, ni dai so nike ya rabu da shan ƙwayar nan, ya zam kamar sauran ɗiya. Mi na yi ba daidai ba?"

Ban ga laifinta ba. Duk wanda ya taɓa ganin ɗansa yana shure-shure a ƙasa, kumfa na fita, mutane sun ja baya suna kallo, ya san ko gona aka ce ya sayar zai sayar.

Kuma kar wani ya ce ina raina maganin ƙasar Sin. Ni ɗin nan da shi na warke daga palu ba sau ɗaya ba. Coartem da ake ba mu a CSI, da allurar artesunate da ake yi wa yaran da zazzaɓi ya taɓa wa ƙwaƙwalwa, tushensu wani ganye ne na ƙasar Sin, ɗan'uwan tazargade. Wata malama mai suna Tu Youyou ce da abokan aikinta suka tono shi cikin tsoffin littattafansu na magani, suka tace sinadarinsa a 1972, aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Amma ku duba hanyar da ya biyo: an tace, an auna, an gwada a kan dubban marasa lafiya, an san adadin da za a ba yaro mai kilo goma da babba mai kilo sittin. Da haka ya shigo likita. Ba a bayan mota ya zo ba.

To a wajen farfaɗiya fa? Masu maganin gargajiya na Sin sun daɗe suna amfani da wata saiwa da suke kira tianma, da wani tsiro mai ƙugiya, gouteng, har da busasshiyar kunama. Ana kan bincikensu. Sai dai a 2009 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta ke nan tattara gwaje-gwajen magani ta tantance su, ta duba abin da aka yi a kan wannan ciwo ta ce hujjar ba ta kai a ce wa marar lafiya ya dogara da su ba. Wasu tsirran ma su ke tayar da ciwon. Ƴaƴan itacen ginkgo in an ci da yawa suna sa jijjiga, shi kuwa ma huang Amurka ta hana sa shi cikin magungunan ƙarin kuzari tun 2004.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ba ka san abin da ke cikin kwalin ba. Rubutun da ke jiki ba mai sayarwa ba mai saye, babu mai iya karanta shi. A Taiwan an taɓa gwada samfuri 2,609 na irin waɗannan magunguna, aka buga sakamakon a 1997: kusan ɗaya cikin huɗu an cusa masa maganin bature a ɓoye. An kuma sha kama na farfaɗiya da aka ce ganye ne zalla, ashe an niƙa phénobarbital ko wani ɗan'uwansa a ciki. Phénobarbital ɗin nan shi ne Gardénal. Ke nan in ka ga ya yi aiki, mai yiwuwa ƙwayar da ake samu a farmasi da kuɗi kaɗan ce aka sayar maka da kuɗin akuya, kuma ba tare da awo ba. In yaro na shan nasa na likita aka ƙara masa wannan, ya yi yawa, sai barci da layi. In kwalin da ya biyo baya babu komi a ciki, ciwo ya dawo da ƙarfi.

Ga abin da nake so kowa ya riƙe, don ni kaina ya ba ni mamaki ran da na karanta shi. Lokacin da ƙasar Sin ta tashi magance farfaɗiya a ƙauyukanta, tare da hukumar lafiya ta duniya OMS a farkon shekarun 2000, ba tianma ta raba ba. Ta horar da ma'aikatan lafiya na karkara a larduna 6, suka sa mutum 2,455 a kan phénobarbital. Bayan shekara guda, kashi 68 cikin 100 faɗuwarsu ta ragu da rabi ko fiye, kusan ɗaya cikin uku ta tsaya masa cak. Daga nan gwamnatinsu ta faɗaɗa shirin zuwa wasu lardunan. Su masu ganyen, da suka zo ceton talakawansu, Gardénal suka ba su. Mu kuma nan an ce mu aje shi mu sayi kwali. Haba!

OMS ta ce mutum kusan miliyan 50 ke da farfaɗiya a duniya, kuma har 7 cikin 10 za su iya zama ba faɗuwa in sun samu maganin da ya dace. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa. A wurinmu sau da yawa asalinsa sananne ne: palu mai tsanani tun ana yaro, sanƙarau, doguwar naƙuda da ta sa jariri ya wahala, ko buguwar kai a kan kabu-kabu. Ba a ɗaukarsa ta yawu, ba a ɗaukarsa ta cin tuwo kwano ɗaya. Wanda ya faɗi a gabanka, ka janye shi daga wuta da ruwa, ka sa masa wani abu mai laushi ƙarƙashin kai, ka juya shi ta gefe. Kar a tura masa cokali a baki, kar a ɗura masa ruwa ko rubutu sai ya farfaɗo sarai. In ta wuce minti 5, ko ta maimaita bai dawo hayyacinsa ba, a nufi likita. Mai son ya yi addu'a ya yi, amma ya yi ta a kan hanya.

Mu a Madarunfa abin ya fi shafar mu. Muna da tafki, muna da gulbi, yaranmu na su da wanka, matanmu na wuni bakin murhu. Mai farfaɗiyar da ya bar magani ya shiga kwale-kwale, ruwan da bai kai gwiwa ba ma ya isa.

Gardénal ba shi da laifi? Yana da shi. Yana sa barci, wasu yara yana sa su rigima da rashin zama wuri ɗaya. Ana shan shi shekaru, gajiya na zuwa. Amma akwai Tégrétol, akwai Dépakine, likita na iya canzawa ko ya rage. Mace mai ciki ko mai niyyar ɗauka ta faɗa wa likita tun da wuri, musamman mai shan Dépakine, don yana iya cutar da ɗan tayi. Wanda ya daɗe bai faɗi ba, likita na iya janye masa maganin sannu a hankali cikin watanni. Yanke shi rana ɗaya ne ke jawo irin abin da ya samu yaron nan, kuma ana mutuwa a haka.

Yanzu bari in taɓa gidanmu. Mu ƴan rediyo muna da hannu. Mai magani ya zo da jika biyar ko goma, a ba shi minti talatin ya ce yana warkar da farfaɗiya da hawan jini da rashin haihuwa da kwali ɗaya, mu kuma mu sa masa kiɗa. Na taɓa karanta irin wannan talla da bakina, ban tambayi komi ba, don ƙarshen wata ne kuma gidan rediyo na bukatar kuɗin wuta. Tsohuwa a ƙauye ba ta bambanta talla da labari, ita dai ta ji a rediyo. Daga yau duk mai maganin da ya ce a aje na likita, ba da muryata ba. Abokan aiki, na san maganar ba za ta yi wa kowa daɗi ba, sai haƙuri.

Hukumomin lafiya kuma, in uwa ta taho daga ƙauye aka ce mata ƙwayar ta ƙare sai Maraɗi, kuɗin mota ya fi kuɗin maganin, ga mai amsa-kuwwa a bakin kasuwa yana jiran ta. A ajiye phénobarbital a kowace CSI yadda ake ajiye na palu, a kuma binciki kwalayen da ke shigowa ta iyaka.

Yaron ya koma kan maganinsa. Uwar ta ce sauran kwali biyu suna nan cikin ɗakinta, na ce ta kai wa majo ya gani, kar ta ba kowa. Wanda ke da irinsu a gida ya ɗauki hoton gaba da baya ya turo nan ƙasa, zan kai wa mai farmasi mu duba tare a shiri na gaba.