Cinikin Jirgin Sama Na Hannu: A Duba Takardu Kafin A Taya

Mutanen Yola da Jimeta ba su manta da ran 25 ga Oktoba 2012 ba, sa'ad da ƙaramin jirgi samfurin Cessna 208, wanda Gwamnan Taraba Danbaba Suntai yake tuƙawa, ya faɗi kusa da filin jirgin Yola. Watau mai cinikin jirgi, ransa ma yana cikin cinikin.

To, fenti da kujeru ba su ke yanke farashin jirgi na hannu ba, littafin injin ne. Bisa ƙa'ida, injin irin wannan jirgi akan kwance shi a yi masa garambawul bayan awa 3,600, kuma da dala ake biya. In awoyin sun kusa cika, lalle a zabge kuɗin gyaran, ko da mai jirgin zai ce albarka.

Sai kuma kwastan. A 2021 da 2024 hukumar ta bi jiragen attajirai tana neman shaidar biyan kuɗin fito. Wanda ya saya bai ga wannan takarda ba, ya gaji bashin wani. Injiniyan da zai duba jirgin kuwa kada ya zama mutumin dillali, gama dillali ba ya samun la'ada sai an sallama.