*MAIGIDA, MAI JEGON DA KE HAKI BA ISKA BA CE*



A garuruwanmu irin su Ɗambatta da ƙauyukan da ke kewaye da ita, mace za ta haihu lafiya, a yi suna, kafin arba'in sai ƙafafu su kumbura. Idan ta kwanta numfashi ya gagara sai ta tashi zaune. Wata rana da safe a ga baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki. Nan take a ce iska ce, a kawo hayaƙi da rubutu, a kwana uku ana jira.

Ni dai ra'ayina, wannan jiran shi ke cinye mana mata.

Akwai ciwon zuciya da ke kama mace a ƙarshen ciki ko watannin farko bayan haihuwa, kuma arewacin Najeriya na cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu a kansa, har suka zargi yawan kunun kanwa. Binciken Farfesa Kamilu Ƙaraye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya nuna akwai hannun ƙarancin abinci mai gina jiki da hawan jinin ciki.

Ga yadda abin yake. Zuciya ta raunana, ta buɗe, ba ta iya harba jinin duka. Wanda ya kwanta sai ya daskare, ya zama guda, ya manne a bangon zuciya. Ranar da ɗan ɓangare ya ɓalle, jini ya tafi da shi. In ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, shanyewar ɓarin jiki ke nan. In ƙafa ce, ta yi sanyi ƙalau da azabar ciwo. Maza ma ba su tsira ba, musamman mai hawan jini, mai ciwon suga, mai shan taba, ko wanda ya taɓa samun bugun zuciya.

*Abin yi:*

1. Haki, kumburi, tarin dare bayan haihuwa: a kai ta Babban Asibitin Ɗambatta yau, ba gobe ba. In an ce a tafi Kano hoton zuciya, a daure a tafi.
2. Baki ya karkace ko magana ta harɗe: kada a ɗura mata zuma ko ruwa, za ta iya shaƙewa. Kada a ba ta asfirin, domin sai hoton kai zai nuna toshewa ce ko fashewar jijiya.
3. Wanda aka ɗora a kan maganin tsinka jini irin warfarin, kada ya daina da kansa. Kada ya yi ƙaho sai likita ya sani, jinin zai iya ƙin tsayawa.
4. A rage gishiri, dunƙulen miya da kanwa.

Zuma da habbatus sauda suna da albarkarsu, amma kada mu ɗora musu aikin narkar da gudan jinin da ya riga ya manne. Manzon Allah (SAW) ya umarce mu da neman magani. Ka tofa mata addu'a a cikin mota, kuna kan hanya. Maigida, amana ce a hannunka, kuma za a tambaye ka.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. A tura wa 'yan uwa.