Fitsarin Kwance da Haƙƙin Yaro na Neman Ilmi

Daga cikin al'adun da muka gada, waɗanda shari'a ba ta yarda da su ba, hankali kuma bai karɓe su ba, akwai tozarta yaro mai fitsarin kwance, a ɗora masa jiƙaƙƙiyar tabarmarsa a ka, a tara masa tsaransa suna kiransa amalala, a kan abin da ya auku gare shi yana barci, alhali kuwa ya tabbata a hadisi cewa an ɗauke alƙalami daga mai barci har ya farka, daga yaro kuma har ya balaga. Shi kuwa wannan ya tara uzurin guda biyu.

Likitoci sun ƙiyasta cewa kimanin yara 15 cikin 100 masu shekara 5 suna jiƙa shimfiɗa, sau da yawa kuma gado ne daga uwa ko uba. Wani mafitsararsa ce ba ta ɗaukar da yawa, wani barcinsa ne ya yi nauyi har cikar mara ba ta tashe shi, mai sikila kuwa ƙodarsa ce ba ta iya tsimin ruwa, wanda in aka hana shi sha da sunan magani, to, an taso masa da ciwonsa. Galibinsu suna bari da kansu. Abin da ya kamaci iyaye shi ne su sa yaro ya kewaya kafin kwanciya, su lura da taurin bayan gida, in kuwa ya kai shekara 7 bai daina ba, ko ya daina ya koma, ko an ga jini irin na tsargiya, su kai shi asibiti, inda akwai magunguna irin su desmopressin.

Amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne yaron da aka haifa da lahani a laka, wanda ba ya iya riƙe fitsari dare da rana, ubansa ya kai shi makaranta, a ce masa ya dawo da shi in ya daina, alhali an san ba zai daina ba. Dokar hana wariya ga masu naƙasa, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba irinsa haƙƙin karatu kyauta har sakandare. Tun kafin ita ma, malamanmu na Malikiyya sun yi bayani a babin tsarki cewa yoyon fitsarin da ya lizimci mutum mafi yawan lokaci ba ya karya masa alwala. To, wanda aka yi wa rangwame ya tsaya a sahun salla, da wace hujja hedimasta zai hana shi zama a aji?

Buƙatarsa ba ta wuce makewayin da kekensa na guragu zai shiga ba, da ruwa a buta, da wandon canji, da leda a kan katifa in makarantar kwana ce, da malami mai rufa asiri, kuma wajibi ne hukumomin ilmi na jihohi su sa waɗannan cikin kasafinsu.